Ampilin Maiguwa

Ibohamane, Litinin

Zuwa ga ƙanena Isaka, a Madawa.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lahiya, kai da iyali da abokan ɗinki. Mu nan an gama yankan hatsi, gajiya ce ta rage.

Bayan haka, ga ampilinka na ƙara sautin gita nan na maido maka hannun direban motar kasuwa. Isaka, na gaji. Na farko, baƙin nan ƙarami, ka ce mai shago ya rantse babu irin shi. Na jona gitata, na murɗa har ƙarshe, sai wani gunaguni kamar mutum na magana cikin bargo. Wanga na biyu, ja, ka ce wani Bature ya yaba shi cikin bidiyo. Baturen nan a ɗaki yake kaɗawa, ƙofa rufe, wutar lantarki mai kyau. Ya taɓa tsayawa filin biki, iska na kwashe sauti, gurup, injin wuta, na ruri bayan shi, mata na guɗa?

Tun kana lakkwal, ɗan makaranta, nake kaɗa gita daga Keita har Buza. Kunnena ne abincina, ba wanda zai koya mini sauti daga cikin salula. Ka san bikin ɗiyar Yelwa na Babankatami ya matso. In na tahi da wanga abin kunya, samarin Tawa masu manyan kaya za su karɓe wurin, kuma ba mai sake kirana. Ka nemo mini babba.

Sannan ka bar aiko mini da murya ta waya. Salulata ta lalace, ba a jin komi ciki. Ka rubuto a takarda.

Ka gaida Rukaiya da yara.

Yayanka, Maiguwa

Madawa, Alhamis

Zuwa ga Yaya Maiguwa.

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Fatsima da yara. Kayan sun iso lahiya.

Yaya, na zama abin dariya a shagon Sule. Da ya hango ni ɗauke da kwali sai ya fara girgiza kai. Ya karɓa dai, don darajar tsohonmu, amma ya ce daga wanga ba sauran canji, duk wanda na ɗauka ya zama namu.

Na bar keken ɗinki na bi gari ina tambaya, kowa da tashi maganar. Sule ya ce a duba lambar ƙarfin da anka rubuta a jiki. Abdurrazak mai gyaran lasifikar masallaci ya ce lambar ƙarya ce, a ɗaga a ji nauyi. Samarin fada masu zaman shayi sun ce a bar sabo, a nemi tsohon hannu na Turai. Wani makaɗi daga Agadas da na tarar a tasha ya ce irin baƙin nan yake yawo da shi, har ya amsa ya gwada mana. Munka fitar da shi fili, ya kaɗa. Yaya, daga can rumfar masu albasa wani tsoho ya taso ya ce mu rage, ba ya jin ciniki.

Ni tela ne, ban san sauti ba, kuma ban san wa zan bi ba. Ko wayar gitarka ce ta tsufa? Ka duba. In ka ce babba dai, akwai wani ya kai girman akwatin amarya, zan aiko ranar kasuwa.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanenka, Isaka

Ibohamane, Asabar

Zuwa ga ƙaramin mijina Isaka.

Ina kwana, ina gajiya, ina zaren da ka ce za ka aiko mini tun bara? Na yafe. Yau ba wasa ya kawo ni ba, kuma yayanka bai san na rubuto ba.

Kada ka aiko da babban nan. Ampilinka ba abin da ya same su, duka biyun. Ran da ya gwada baƙin a tsakar gida, awaki sun tsinke igiya. Ni kam daɗin shi na ji, muryar shi a wanke take. Shi ko ya tsaya gaban shi yana tsaki.

Da jan ya tahi wani bikin suna a Keita. Ina can bayan taro ina sayar da ƙosai. Ya murɗa har abin ya kama ƙara, irin mai shiga haƙori. Tsofaffi sunka naɗe tabarmi, yara na toshe kunne, shi yana ta kaɗawa yana murmushi. Tsirkiya guda ta saki tun waƙa ta biyu bai sani ba, shi da a da daga ɗaka yake jin gitar wani ta karkace a titi. Issa mai ganga ya sunkuyar da kai har anka tashi. Na ji kunya, na ji tausayi, ban san wanne ya fi ba.

Ko kiran salla ba ya ji, ni ke tashin shi. In yara sun yi mashi magana ta baya sai ya ce ba su gaishe shi ba. Na gwada faɗa mashi, ya ce mace mai ƙosai mi ta sani ga kiɗi. Kowa ya sani, Isaka, kowa na jin nauyin shi. Na gaji da rufawa. Kai ciki ɗaya kunka fito, ka faɗa mashi kafin Babankatami ta faɗa mashi a bainar jama'a.

Ka gaida Rukaiya.

Fatsima

Madawa, Talata

Yaya,

Ina gaishe ka. Direba zai zo maka hannu wofi, ban aiko da babban ba, kuma ba zan aiko ba.

Na daɗe riƙe da biro kafin in rubuta wanga. Ba ampili ba ne, Yaya, kunnenka ne. Shekarun da ka yi tsaye tsakanin lasifika da gurup sun ci shi. Fatsima ta rubuto mini, kada ka yi mata faɗa. In faɗa ne, ga ni.

Kai ka goya ni, ban taɓa zaton ranar da zan ce maka ba ka ji daidai za ta zo ba. Na bi maganar Sule, na bi ta Bature, na bar wadda ta tsaya bayan taronka tun aurenku tana saurare. Hannunka na nan yadda yake, ita ma ba ta ce ya canza ba. Akwai likitan kunne da ke zuwa Tawa, zan raka ka.

Ka yafe mini in na wuce wuri.

Isaka

Ibohamane, Juma'a

Isaka,

Muna lahiya. Ka maido da baƙin, Fatsima ta ce shi ya fi daɗi. Issa zai ɗaure mini tsirkiya. Fatsima za ta tsaya bayan taro, in ta ɗaga gyale in rage. Ba za ta kai ƙosai Babankatami ba. Maganar Tawa sai bayan biki.

Jiya na ba ta salular, ta kunna muryarka a gabana, tana ta dariya. Ka rubuto mini abin da ka ce.

Yayanka, Maiguwa