Katin da Malam Ya Zaɓo

Assalamu alaikum Gwaggo Zulai. Don Allah ki taimaka min da shawara, na shiga wani hali da na rasa ta inda zan fita.

Ina da ɗan shagon buga takardu a Ƙaura Namoda, kwamfuta ɗaya da firinta ɗaya ta lesa, irin mai garin tawada da ake kira tona. Malam Alamin, shugaban Islamiyyar unguwarmu, shi ya karantar da ni har na sauke, har yau ban iya haɗa ido da shi. Asabar mai zuwa ɗalibansa talatin da bakwai za su yi walimar sauka, sai ya ce ɗiyarsa ce za ta buga takardun shaida, wato ni. Ranar don murna ko abinci ban ci ba.

To, Malam da kansa ya shiga mota har Gusau, duk da yadda hanyar nan take, ya zaɓo kati guda arba'in mai sheƙi, mai ruwan zinare a gefe. Ya miƙo min yana murmushi, ya ce yaran sun sha wahala, sun cancanci abu mai kyau.

Gwaggo, katin nan ya ƙi karɓar rubutu. Na farko na wata yarinya ne, Bara'atu. Ina shafawa da yatsa sunanta ya biyo hannuna. Na biyu ya maƙale a ciki, firintar ta fara warin roba. Sai daga baya na duba bayan kwalin, ashe na firinta mai tawadar ruwa ne. Ni kuma da taurin kaina na yi ta gwadawa, yanzu tara sun lalace, sauran ma ba za su isa ba. Kuma kowanne da Bisimilla da aya a samansa, ba damar jefawa a kwandon shara. Suna nan cikin durowa.

In na faɗa masa, kamar na ce malamina bai iya sayayya ba. In na canza kati a ɓoye, zai gani ranar taro a gaban iyaye. In na ci gaba, firintar da nake ci da ita ta mutu, yaran kuma sunayensu su goge kafin su kai gida. Jiya ya biyo ta ƙofar shago, na ce masa aiki na tafiya lafiya. Ƙarya na yi wa Malam, wallahi abin yana cina.

'Yar Ƙaura

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Da farko ki bar firintar nan ta huta. Firintar lesa da zafi take manna tona, katin tawadar ruwa kuwa yana da wani shafe a fuskarsa da zafi ke narkarwa, kuma yana iya lalata cikin injin. Ki nemi kati mai santsi wanda aka rubuta lesa a kwalinsa, kaurinsa kada ya wuce abin da littafin firintarki ya yarda. Masu adon gefe ma akwai su. Ki saita ta a kan takarda mai kauri, ki riƙa sakawa ɗaya bayan ɗaya. Gwaji kuma ki yi shi da suna kawai, ban da aya.

Sai batun Malam. Niyyarsa mai kyau ce, kwali ne dai bai karanta ba, ke ma da sana'arki ce sai da kika ɓata biyu sannan kika duba shi. Kunyarki tarbiyya ce, ban raina ta ba, amma tunda ta kai ki ga ƙarya, ta wuce wurinta.

Yau za ki je, kada ki jira Juma'a. Ki ɗauki taran nan da guda ɗaya mai kyau a sabon kati. Ki fara da laifinki, har da maganar jiya, sannan ki tambaye shi yadda ya dace a yi da takardun da ke ɗauke da aya. Wannan fanninsa ne, kuma yana riƙe su da hannunsa zai ga abin da kike jin nauyin faɗa. Ba don katin ya je Gusau ba, don yaran ya je, kuma sunayensu yake so su zauna a takarda har su nuna wa 'ya'yansu.

Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya, Ya sa a yi walima lafiya, Ya albarkaci karatun yaran.

Gwaggo Zulai