Gorar Ruwan Kasonde

Mama,

Gaisuwa mai yawa daga Lusaka. Yaya ƙafar Baba? Mu lafiya lau, kada ki damu. In akwai mai zuwa, ki aiko mana da busasshen kifi.

Kin tambayi ƙanena Kasonde. Tun da abokinsa ya bugu ya faɗo daga bene ya rasu, jami'a ta kafa ƙungiyar rage shan giya, shi ne ma shugabanta. Yana bi ɗaki-ɗaki yana roƙon ɗalibai kada su bar wanda ya bugu shi kaɗai. Malamai sai yabonsa suke.

Ni dai hankalina bai kwanta ba. Kullum gorar ruwa na hannunsa, alewa na bakinsa. Ranar Lahadi bayan coci na ce ya san mini ruwan, sai ya mayar da gorar bayansa, ya ce, "Yaya, mura nake, kada in shafa miki." Ban ji ya yi ko tari ba.

Kada ki faɗa wa Baba tukuna. Ki kira Kasonde da kanki ki tambaye shi. Ni yana iya kallon idona ya yi mini ƙarya, amma ke bai taɓa iyawa ba.

Allah ya bar mana ke.

'Yarki,
Chilufya