Hoton Inna Daga Bakin Rumbu

Boɗinga,
Maris, 1983.

Zuwa ga ƙanena Maniru,

Gaisuwa mai yawa da so da ƙauna. Ina fatan kana lafiya, kai da Khadijatu da jaririya, kamar yadda muke nan lafiya. Yaya zafi, yaya aikin masaƙa? Mun ji ana ta sallamar ma'aikata a Kaduna, Allah ya tsare maka gurbinka. Safinatu da yara suna gaishe ku.

Bayan haka, wasiƙarka ta iso, na kuma ga gorin da ka yi mani. Wai na ɗauki rabin mutanen Boɗinga hoto, har da ragunan layya, amma na kasa aiko maka da na Inna, ga shi kai ba ka da halin zuwa gida. Ka yi magana irin ta auta. Kai ne take kiran sunanka tun daga ƙofar gida, ta ja kunnenka, ta ɓoye maka ƙuli. Ni ɗan fari ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai dai "wancan", kuma idan na durƙusa gaisuwa bango take amsa wa. Ba ƙorafi nake yi ba, haka ta tarar ana yi, haka kuma za ta bari. Amma ka gaya mani yadda ake ɗaukar fuskar wanda ba ya dubanka.

Kada ka ce ban gwada ba. Ran Juma'a na hau babur na je Kajiji. Yayarka Kulu ta yi ta lallashi har Inna ta yarda, don an ce kai ke so. Sai dai gilashin da ke kan kyamarata na ɗaukar taro ne, idan fuska nake so dole in matso kamar mai miƙa goro. Ina matsowa ta kau da kai. Da na wanke fim ɗin, na samu kunne ɗaya, da bayan kallabi, da hannu riƙe da mayafi. Kai ma ka san yadda fim ya zama tun da aka tsuke shigo da kaya, sai mutum ya zagaye Sakkwato kafin ya samu ɗaya, shi ma da roƙo.

Akwai abin da ban so in gaya maka ba, amma gara ka sani. Kulu ta ce farar yana ta fara hawa idon Inna na hagu. Na dama yana nan garau tukuna. Wannan magana ta tsaya mani a rai, Maniru. Ban taɓa ganin idanun nan sosai ba, ga shi suna shirin rufewa.

Saboda haka ga aikinka. Ka shiga wajen masu sayar da kayan hoto, ka nemo mani gilashin kyamara mai lamba 135, irin wanda ba ya gaba ba ya baya, mai jawo fuska daga nesa. Za su nuna maka mai zuƙowa da turawa, su yi ta zuba maka daɗin baki. Kada ka saurare su, tsada gare shi, kuma ba ya son inuwa. Ba ruwana da babban suna, ko na hannu ne ka karɓa. Ka dai ɗaga shi sama ka leƙa ta ciki, in ka ga zane ko wani abu kamar saƙar gizo, ajiye musu kayansu. Ka murɗa zoben ka ji yana tafiya sumul. Gindinsa kuma ya zama mai murɗi irin na murfin kwalba, in ba haka ba ba zai hau kyamarata ba. Na sayar da albasar fadama, kuɗin na hannun Bawa direba.

Ka gaishe da mutanen gidanku.

Ni ne yayanka,
Sodangi

Boɗinga,
Yuni, 1983.

Zuwa ga Maniru,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta iyali, yaya damina a wajenku? Mu nan an yi shuka, sai ruwa ya ɗauke, kullum ana duban gabas. Allah ya kawo shi da albarka.

Bawa ya kawo saƙo. Na ga ka naɗe shi cikin tsohuwar safarka, ban yi mamaki ba, da ma ban san ka da wanki ba. Amma ka iya sayayya, wannan kam na sara maka. Fentin jikinsa ya ɗan goge, sunan kamfanin ma ban taɓa jinsa ba, amma cikinsa tas yake. Da na ɗaura shi na leƙa daga ƙofar shago, sai ga mai tsiren tsallaken titi a gabana, har ina ganin zufar goshinsa, duk abin da ke bayansa kuma ya narke ya yi laushi. Na daɗe ban ji daɗi irin na ranar ba.

Sai dai ya fara jawo mani magana. Ka tuna Mode mai tireda? Ya zo da sabon takalmi da agogo da rediyo a hannu, ya ce a ɗauke shi. Na ce ga wanda zan gwada sabon kaya a kansa. Hoto ya fito, ban taɓa yin mai kyansa ba, har ladabi ya bayyana a fuskar Mode, abin da ba a taɓa gani ba a kasuwar nan. Mutumin naka ya duba ya duba, ya ce ina ƙafafunsa, ina rediyo, shi da ya biya kuɗin mutum guda an ba shi rabi kamar mai neman fasfo. Na ce to tsaya. Don in samu takalmin nan sai da na yi ta ja da baya, na fita shago, na tsallake kwata, na faɗa kan jakin masu itace. Kasuwa ta yi ta dariya har la'asar. Yanzu na gane, mutanenmu tufafinsu suke kawowa a ɗauka, fuska rakiya take yi. Masu neman kujera ne kawai ke yabonsa, su da ke son a manna fuskarsu a kowane bango kafin zaɓe.

Za ka tambaye ni me ya hana ni komawa Kajiji. Zan iya cewa hanya, zan iya cewa fim, amma gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Ba na son in yi wa Inna satar hoto kamar wata baƙuwa, ba na kuma son in sa ta abin da zai ba ta kunya a gaban jikokinta. Na aika wa Kulu ta sake tambayarta. Amsar da ta dawo ita ce: "Ku ce mai shi taho, tun da yaron na son shi. Amma shi bar tsaya man bisa kai." Yaron kai ke nan, mai shi kuma ni. Ka ga dai izini ya samu, saura ni in samu ƙarfin hali.

Ka shafa mani kan jaririya.

Naka,
Sodangi

Boɗinga,
Satumba, 1983.

Zuwa ga ƙanena Maniru,

Sallama irin ta addinin Musulunci, tare da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Na ji an rage muku kwanakin aiki, ka yi haƙuri, kowa haka yake fama. Gero bai yi yadda aka so ba bana, amma mun gode Allah. Inna lafiya lau, tana ta cigiyarka.

Za ka ga hoto a cikin ambulan ɗin nan. Na san halinka, ka riga ka duba kafin ka karanta, to zauna ka ji yadda aka yi.

Na je bayan la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi. Kulu ta shimfiɗa mata tabarma a ƙofar ɗaki, ta ɗaura mata saƙin nan baƙi da take ajiya a ƙasan akwati. Na gaishe ta, ta amsa wa bango kamar kullum. Sai na ɗauki kayana na yi baya, na wuce turmi, na wuce turken akuya, har bakin rumbu. Can na kafa ƙafafun kyamara, na sunkuya na sa idona ina gyara zobe.

Ka san a wajen Inna, da duk tsofaffin Kajiji, mai hoto a gaban mutum yake tsayawa, ya ce a gyara zama, ya ɗaga hannu. Wanda ya tafi bakin rumbu ya sunkuyar da kai, wannan bai fara aiki ba, kayansa yake gyarawa. Haka ta ɗauka. Ni kuwa ina murɗa zobe, hazo yana washewa, sai ga fuskarta ta cika mani ido. Ta juyo gaba ɗaya. Ni take kallo, Maniru, kai tsaye, ba ƙiftawa, bakinta ya ɗan saki kamar mai shirin murmushi. Na ga farar yanar a idon hagu, na ga na dama baƙi wuluk irin naka. Na ga wani ɗan tabo a ƙasan girarta da ban taɓa sanin tana da shi ba. Na yi bisimilla na danna.

Ina ɗago kai ta mayar da fuska bango. Na ji tana ce wa Kulu: "Wai mi yaka jira? Shi matso shi yi abin da za shi yi, magariba ta kusa." Sai na ɗauko kayana na matso kamar yadda ta sani, na ce a gyara zama, na ɗaga hannu, na ɗauki bayan kallabi. Fim ɗaya ya tafi a banza, ban ji ciwonsa ba. Shi na wanke na kai mata, ta juya shi ta ce saƙin ya fito da kyau.

Na gaskiyan biyu na wanke, ɗaya naka ɗaya nawa. Ka rataye naka a Kaduna yadda kake so, amma in Allah ya kawo ka gida kada ka zo da shi, kada kuma bakinka ya suɓuce. Ta yarda a ɗauke ta, ba ta yarda a kama ta tana kallona ba, kuma ba ni zan kunyata ta da tsufanta ba.

Kulu kaɗai na nuna wa. Na zaci za ta yi salati, sai ta duba ta miƙo mani abina, ta ce ita ba ta ga abin mamaki ba. Wai haka Inna take kallona duk ranar da na juya baya zan hau babur, har sai na sha kwanar masallaci, kuma haka take yi tun ina tafiya makaranta da allo. Kowa a gidan ya san wannan kallon, har kai, in ji ta. Ni kaɗai ne ban sani ba, shekara talatin da takwas. A hanyar dawowa sai da na tsayar da babur kafin in kai Shagari, don ba na ganin gabana.

Na gode da gilashi, Allah ya yi maka albarka. Ka gaishe da Khadijatu, ka nuna wa jaririya kakarta.

Wassalam. Ni ne yayanka,
Sodangi