Ƙwaya Goma, Kwana Goma

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, ya ɗinki, ya yara? Saƙonki ya iso cewa 'yata Kumatu na zawo, kuma tun jiya ban san me ake koyarwa a ajin jinya ba. Na ba direba ƙwayar zink guda goma da ƙunshin gishiri da sukari na asibiti ya kawo miki. Ruwan gishirin ki ba ta duk sanda ta yi zawo. Ƙwayar kuwa ɗaya kullum, ki narkar a cokali da ɗan ruwa. Don Allah, kwana goma cif, ko da zawon ya tsaya gobe. Ita ke taimaka wa hanji ya warke, ta rage saurin dawowar zawon.

Allah ya saka miki da riƙon da kike mata.

Ƙanwarki

*

Likitar gidanmu,

Muna lafiya lau. Kwantar da hankalinki, zawo ya tsaya tun kwana na huɗu, ga ta can tana barbaza mini maɓallai a ƙarƙashin keken ɗinki. Na daina ba ta ƙwayar, don ban ga dalilin ɗura wa mai lafiya magani ba. Shidan da suka rage na ba maƙwabciyata, tagwayenta sun kamu, uku uku. Kin ga yara uku sun amfana a maimakon ɗaya. Yara biyar na raina kafin ki fara riƙe allura.

Ki yi karatu da kyau.

Yayarki

*

Yaya,

Bayan gaisuwa, wallahi wasiƙarki ta ɓata mini rai. Abu ɗaya na roƙe ki, har na ja masa layi. Wannan ba ragowar yadi ba ce da za ki fitar wa 'yan maƙwabta riga. Yanzu Kumatu ba ta gama nata ba, tagwaye ma ba su samu cikakke ba. Tsayawar zawo daban, warkewar hanji daban. Ga wani katin ƙwayar na aiko, ki faɗa wa maƙwabciyarki ita ma ta je asibiti a cika mata.

Ki yi haƙuri da zafina, tsoro ne.

Ƙanwarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Mako huɗu ke nan ba amsa. Na ɗauka fushi kike yi, sai yau direba yake mini jaje, wai mako biyu da suka wuce ya gan ki kina fitowa daga asibiti da Kumatu a goye, hannunta da filasta. Ashe zawon ya dawo har an yi mata ƙarin ruwa kwana biyu, kuma a bakin direba zan ji? Katin da na aiko fa, kin buɗe shi kuwa? In ba ki rubuto ba zuwa jibi, zan bar jarrabawar in taho.

Ki gaida yara.

Ƙanwarki

*

Ƙanwata,

Ina gaishe ki. Ban buɗe katin ba a lokacin, a aljihun keke na ajiye shi. Kunya ce ta hana ni rubutu. Kada ki bar jarrabawa, tana cin abinci, jiya har ta yi mini ɓarna. Ga katin nan a cikin ambulan, ta shanye shi bayan an sallame mu, ki ƙirga ramukan da kanki, goma ne, ban ba kowa ko ɗaya ba.

Sai dai in kin zo kada ki kira ta Kumatu a gabana. Kumatun nata ba su dawo ba tukuna.

Ki yafe mini.

Yayarki