Da gaisuwa na rufe kyamarar ƙirjina

Salama gare ku, mai kula da wannan shafi da duk masu karatu. Ina wuninku, ya aiki, ya iyali? Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku fara jifana ku daure ku kai ƙarshe. Na san da jin an ce ɗan sanda wasu har sun gyara zama. Ku yi haƙuri, duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina.

Ni kurtun ɗan sanda ne, mutumin kudancin Kaduna, aiki ya kawo ni Katsina. Matata da yara suna gida, ni kuma ina haya a Ƙofar Ƙwaya, daga ni sai katifa da risho. Mutanen unguwa ba su taɓa wulaƙanta ni ba, amma kaki kaki ne: in na doso majalisa hira ta mutu, in na wuce ta farfaɗo. Mutum ɗaya ne ya ja ni a jiki a garin nan, wanda muke fita aiki tare, zan kira shi Sajan. Shi ya yi jinyata da taifot ta kayar da ni. Matarsa ke aiko mini da tuwo. Da Kirsimeti ta zo ban samu hutu ba, a gidansa aka dafa mini shinkafa da kaza, shi da ba bikinsa ba. Shi ya koya mini gaisuwa ma. Ya ce, “Kai, nan ba a gaida babba a sandare kamar turke. Ka ɗan rusuna, ka aza hannu ga ƙirji, kuma kada ka yanke gaisuwa sai shi ya yanke.” Na koya har ta zame mini jiki.

Kwanakin baya aka kawo mana ƙananan kyamarori da ake maƙalawa a gaban riga, daidai ƙirji. Ƙaramar hukuma ce ta nemi a gwada, ta kafa kwamiti mai kansila da mai unguwa da wani liman da wata Hajiya tsohuwar shugabar makaranta. Duk wanda ya kawo ƙarar ɗan sanda, su ne za su zauna su kalli abin da kyamara ta ɗauka. In ka kashe ta kana bakin aiki, ka amsa laifi ke nan. Suruka muke ce mata, don a gabanta ba ka sakewa.

Rannan muna bakin Babbar Kasuwa da rana tsaka, hanya ta cushe, wani dattijo mai tura baro ya ɗauko buhunan albasa, tayar ta faɗa kwata, ya tare kowa. Kyamarar Sajan tana ofis ana gyara, tawa ce kaɗai a wurin. Sajan ya daka masa tsawa, dattijon ya ce, “Yallaɓai, in ka kama mani mu ɗaga ai ya hi hwaɗan.” Mutane suka kwashe da dariya. Na dubi fuskar Sajan, na san ta, na san abin da ke biyo bayanta. A daidai nan na hango wani Alhaji mai shagon atamfa da na sani a gefensu. Ban san lokacin da tafin hannuna ya sauka a kan kyamarar ba. A'a, ƙarya nake, na sani sarai. Na rusuna, na ɗaga murya: “Ranka shi daɗe, ina wuni, ya kasuwa, ya iyali, ya gajiya, ya muka ji da zafin nan, ya Hajiya, ya jikoki?” Ban ɗauke hannun ba sai da aka gama. Da na ɗauke, dattijon yana zaune a ƙasa dafe da kunne, jini na bin wuyansa.

Dattijon ya kai ƙara. Shaidu? Kowa ya ce ciniki yake, bai duba ba. Alhaji ya ce shi gaisuwa yake amsawa. Aka kira mu gaban kwamiti aka kunna bidiyon: duhu, sai muryata tana jero gaisuwa, can ƙarƙashinta wata ƙara da Sajan ya ce buhu ne ya faɗo ya buge mutumin. Hajiya ta sauke tabarau ta ce, “Ɗana, mi ya sa ka ruhe ta?” Na ce, “Gaisuwa nake, Hajiya, na manta tana wurin.” Ta daɗe tana kallona, ta ce, “Gaisuwar ta yi tsawo.” Liman ya ce, “Haba Hajiya, gaisuwa tana tsawo? Ga baƙo ya hi ɗiyanmu ladabi. Allah shi yi maka albarka.” Kowa ya amsa da amin. Jama'a, kun taɓa jin an sa muku albarka ta tsaya muku a wuya kamar ƙaya? Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, amma na sunkuyar da kai na yi shiru, shirun ma aka ɗauka ladabi ne.

Yanzu har a unguwa labari ya kai, wai ɗan sanda mai ladabi. Majalisar da take yin tsit in na doso, jiya matsa mini tabarma suka yi. Abin da na daɗe ina nema ke nan a garin nan, ga shi ya zo, na kasa zama. Na shige ɗaki na rufe ƙofa. Wa zan gaya wa? Na kira matata, ta ce, “Baban yara, ka kama bakinka. Kai kaɗai ne a can, wa kake da shi in ba mutumin nan ba?” Ba ta yi ƙarya ba.

Shekaranjiya na ci karo da dattijon a bakin kasuwa, ba baro, yana zaune a inuwa. Masu kaya sun daina ba shi dako, sun ce mai yi wa hukuma ƙazafi ba abin raɓa ba ne. Na so in kauce, ya riga ya gan ni. Ya miƙe, ya ɗora hannu a ƙirji ya gaishe ni. Na amsa, ya ce, “Yallaɓai, dawo ta wanga gehe, wancan kunnen ya mutu.” Na zagayo. Ya ce, “Ni ban riƙe ka ba, na ga gaisuwa kake. Amma kyamara ka ruhe, idonka hwa a buɗe yake.” Ya koma ya zauna.

Mako mai zuwa kwamiti zai sake zama ya rufe maganar. Sajan ya ce da an rufe zai shigar da ƙarar dattijon kan ɓata suna, don ya zama darasi ga wasu. Na ce, “Oga, a bar shi mana.” Ya dafa kafaɗata ya ce, “Kai dai ka riƙe ladabinka.” In na tashi na faɗi gaskiya, mai yiwuwa Sajan ya rasa kakinsa, ga iyali, ni ma ba zan tsira daga hukunci ba, abokan aiki za su juya mini baya, kuma ƙofa ɗayar da nake bugawa a Katsina ta rufe. In na yi shiru, tsohon da aka kashe wa kunne shi za a tsayar a matsayin maƙaryaci, kuma da hannuna.

Kwanon tuwon gidan Sajan yana nan gabana ina wannan rubutu, ban iya buɗe shi ba. Yau da safe na haɗu da mai unguwa, hannuna ya taso zuwa ƙirji ya tsaya a hanya, na gaishe shi a sandare kamar turke.

Don girman Allah ku gaya mini, me zan yi?