Faya-fayan da Suka Zo Ba Takarda

Zuwa ga Yaya Isufu a Dakar,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina iyali, yaya aikin tashar jirgin ruwa? Mu nan Maraɗi sai godiya, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Bayan haka, direban kamiyo ya kawo faya-fayan garmaho uku da ka aiko, sababbin kiɗan baƙin Ba'amurken nan mai fiyano da ka saba mana da shi tun dawowarka daga soja. Amma Yaya, kamar ba shi ba! Da can yatsunsa gudu suke, har maƙwabta na leƙowa. Yanzu sai ya taɓa ya tsaya, kamar mai neman abin da ya ɓace masa. Na sake allura, na kai garmahon wurin mai gyara a Sabon Gari, ya ce lafiyarsa lau.

Ran kasuwa Kawu Ɗanbaba makaɗi ya zo daga Tsibiri, na sa masa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Bar wahalar da ƙarfe, ɗana. Mutumin ne ya gaji, ban kwana yake. Wa ya aiko maka?" Na ce kai ne. Sai ya dube ni, ya tashi ya tafi.

Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. Shekara biyu ba takardarka, sai wannan kiɗa? Me ke damunka?

Ka gaida Hajara da yara, a sa mu a addu'a. Don Allah kada ka ƙara aiko faifai. Layi biyu nake so, da hannunka.

Ƙanenka,
Mamman