Inna, Sun Rushe Tsohon Kanti

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ɗa ga uwarsa, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki.

Inna, sun rushe Tsohon Kanti.

Kin fi ni saninsa. Ke kika faɗa min Turawan gyaɗa ne suka gina shi tun kakanki yana saurayi. Bangon dutse mai kaurin kamu biyu, azarar giginya, ƙofar ƙarfe da sai ƙarti biyu ke tura ta. Da ruwan noman rani ya iso, gyaɗa ta kau, kwandunan tumatir da buhunan shinkafa suka cika shi. A barandarsa kika yi shekaru kina suyar waina.

Ranar kasuwa da hantsi suka zo da katafila da mota cike da 'yan daba. Wai wani attajiri ya saya, gidan mai zai yi. Kawu Iliya, ƙaninki, yana kan keken ɗinkinsa a shagon kusurwa. Ya ce, "A nan na tsufa, sai dai ku haɗa da ni." Suka finciko shi, suka ja shi a ƙasa, ɗaya ya ɗaga gora ya sauke masa a hannun dama. Na ji karyewar ƙashin, Inna.

Ban san sanda na suri ƙarfen sikeli ba. Na maka wa mai gorar a fuska, haƙoransa suka zube, jini ya wanke masa riga. Sai da rawaninsa ya warware na gane shi. Sale ne, ɗan maƙwabciyarmu Tabawa, wanda kika shayar tare da ni lokacin da take jinya.

Wani ya sare ni a kafaɗa. Ina kwance ina kallo katafila ta daki bangon sau uku kafin ya faɗi.

Kawu ba zai ƙara ɗinki ba. Sale ya rasa ido ɗaya. Jiya na je duba shi a asibiti, ya juya fuska ga bango. Tabawa ce ta miƙo min tabarma.

Innata, jinin ɗanki na zubar. Allah ya yafe min, ya sanyaya zuciyar Sale, ya haskaka kabarinki.

Ɗanki,
Habu